Wasiƙa daga Tawa: Da wane kayan aiki yaranmu za su ƙera wasannin kwamfuta?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan Tawa, da yamma kuma ina koyarwa a wata ƙaramar cibiya. Yawancin masu zuwa wurina ƴan lise ne da ɗaliban jami'a, kuma a ƴan shekarun nan tambaya ɗaya ce ba ta barin bakinsu: "Mushe, ina so in ƙera wasa irin na waya, da me zan fara?" Ina jin daɗin tambayar ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne amsar da suke ɗaukowa kafin su iso gare ni.

A YouTube suke samo ta, daga bakin mutanen da ke zaune Faransa ko Kanada ko Amurka, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma ba a auna intanet da mega. Waɗannan mutane sukan ce a ɗauki manyan injunan ƙera wasa, Unreal ko Unity, a girka Visual Studio, manhajar Microsoft ta rubuta manhajoji, a kai. Ba ƙarya suka yi ba, da halin da suke ciki suka yi magana. Amma yaron da ke Tawa ko Konni ko Madawa, wanda wansa ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta daga Abijan, halinsa daban ne, kuma babu mai gaya masa haka.

Bari in ɗan warware wa mai karatun da ba sana'arsa ba ce. Kwamfuta ba ta jin C ko C++ ko wani yaren da ɗan Adam ke rubutawa. Lambobi kawai take ji, kuma kowace irin ƙwaƙwalwar na'ura da nata lambobin: ta kwamfuta, wadda Intel ko AMD suka ƙera, daban take da ta waya, wadda aka gina a kan tsarin ARM. Kompilata ita ce manhajar da ke ɗaukar abin da ka rubuta ta juya shi zuwa waɗannan lambobi. Injin wasa kuwa tarin aiki ne da wasu suka riga suka yi maka: zana hoto a fuskar waya, fitar da sauti, gane inda yatsa ya taɓa, lissafin abin da zai faru in abu biyu sun yi karo. Wanda zai ƙera wasa dole ya zaɓi waɗannan biyun, ko ya sani ko bai sani ba, kuma zaɓin da ya yi a satin farko shi ke yanke ko zai kai ƙarshen wata yana aiki ko zai watsar.

Unreal inji ne na gaske, babu musu. Kamfanin Epic Games ne ya fito da shi tun 1998, na biyar ɗinsa ya fito a 2022, kuma sharaɗinsa na kuɗi ba mai tsanani ba ne: kashi 5 cikin ɗari, shi ma sai bayan wasa ya kawo dalar Amurka miliyan ɗaya. Matsalarsa a wurinmu nauyi. Shi kansa kamfanin yana ba da shawarar kwamfuta mai jiga 32 na ram, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da take kai, da katin hoto mai ƙarfi, kuma injin yana cin gomman jiga a faifai. Kwamfutocin da ke zuwa teburina yawanci jiga 4 gare su, wadda ta yi sa'a 8, katin hoto kuwa babu.

Na ga abin da ke biyo baya da idona. Wani ɗalibina, yaro mai ƙwazo, ya tara kuɗin karin kumallonsa ya sayi forfen dare don ya sauke ɗaya daga cikin manyan injunan nan. Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 da rana kuma ɗaki ba ya hucewa har asuba. Ya fito tsakar gida ya ɗora kwamfutar a kan bulo biyu don iska ta shiga ƙarƙashinta, ya jona wayarsa, ya zauna yana kallon layin nan yana tafiya a hankali. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, da wayar wuta take rayuwa. Can tsakar dare aka ɗauke wuta. Ya sake gwadawa wani daren, har dai ya samu ya sauke. Da ya buɗe, sai fankar kwamfutar ta hau kuka, injin ya shiga shirye-shiryensa na farko, kafin ya gama na'urar ta yi zafi ta kashe kanta. Ya zo mini fuska a murtuke ya ce, "Mushe, wannan harka ba tamu ba ce." Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami. Yaron bai rubuta ko layi ɗaya ba, amma ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa ba zai iya ba.

Unity ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma wasannin waya masu ɗimbin yawa da shi aka yi su. A Danmak aka fara shi, ya fito a 2005, ana rubuta masa da yaren C#. Ban hana kowa koyonsa ba. Amma ina so matasanmu su san abin da ya faru ranar 12 ga Satumba 2023, lokacin da kamfanin ya sanar cewa daga farkon 2024 zai riƙa karɓar kuɗi har santi 20 na dalar Amurka duk lokacin da wani ya girka wasa a na'urarsa, in wasan ya wuce dalar Amurka 200,000 a shekara kuma an girka shi sau 200,000. Abin da ya fi tayar da hankalin masu sana'ar shi ne sharaɗin zai hau har kan wasannin da suka riga suka fita kasuwa. Aka yi ca a kansu. Cikin kwana goma kamfanin ya sassauta, shugabansa John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, a Satumban 2024 kuma aka soke kuɗin gaba ɗaya. Wani zai ce ai yaranmu ba su kusa da waɗannan alƙaluma ba, me ya shafe su? Abin da ya shafe su shi ne gonar aro ce: ka share, ka zuba taki shekara da shekaru, ranar da mai ita ya ga dama ya sauya magana. Mu nan Nijar a daidai wannan lokacin muke cikin duhu, bayan da Najeriya ta yanke layin wutar da ke kawo mana mafi yawan lantarkinmu a watan Agustan 2023 saboda takunkumin CEDEAO, harkar banki da waje ita ma ta cije. Wanda ya ga wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan kayan aikin da sai ka buɗe asusu, ka shiga ta intanet, an kunna maka lasisi daga wata ƙasa kafin ka taɓa aikinka.

Shi ya sa nake fara wa ɗalibaina da Godot. Wasu ƴan Ajantina biyu ne, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka gina shi, a 2014 suka sake shi ga kowa ƙarƙashin lasisin MIT. Ma'anar wannan lasisi a aikace ita ce ka kwafa, ka raba, ka gyara cikinsa, ka sayar da wasan da ka yi, ba ka biyan kowa ko dala, illa ka bar takardar lasisin a ciki. Kwafin da ya shigo hannunka kuma babu mai karɓe shi. Saukewarsa ba ta kai mega 100 ba. Ba a ma girka shi, fayil ne ka danna ya buɗe, ko daga kan kilen USB. Ba ya tambayar asusu, ba ya neman intanet. Yarensa, GDScript, ya yi kama da yaren Python, yaro mai natsuwa yakan sa abu ya motsa a fuskar kwamfuta tun zaman farko. Wanda ma ba shi da kwamfuta akwai irinsa da ke aiki a kan wayar Android, ko da yake aiki da yatsa a ƙaramar fuska akwai wahala.

Ba zan ɓoye nauyinsa ba. Ranar da za ka fitar da wasan zuwa waya sai ka sauke wasu fayiloli na daban da suka kai wajen jiga ɗaya, ka haɗa da Java da kayan Android. Sai dai sau ɗaya ake sauke su, mutum ɗaya ya sauke gari duka ya kwafa. A fagen hoto mai zurfi irin na manyan wasannin yaƙi kuma bai kamo Unreal ba. Amma wa ke ƙera irin waɗannan shi kaɗai? Ɗaruruwan ma'aikata ke yin su cikin shekaru.

Yanzu in dawo kan kompilata, don nan ne mu malamai muke da aiki a gabanmu. Manya guda uku ne a duniyar C da C++. Akwai GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a 1987, kyauta ce kuma kusan kowane Linux (tsarin kwamfuta na kyauta da ke zama madadin Windows) yana da ita a rumbunsa. Akwai Clang, wadda ta tsiro daga aikin LLVM da aka fara a Jami'ar Illinois a 2000. Sai ta Microsoft da ke cikin Visual Studio. Kowace cikinsu tana fitar da wasa mai gudu, kuma gardamar wadda ta fi wata sauri ba ta shafi mai koyo ba ko kaɗan. Abin da ya kamata ya sani shi ne inda wasansa zai je shi ke zaɓar masa. Google ta cire GCC daga kayan Android a 2018, ta bar Clang. Apple ma Clang take amfani da ita. Ko mai Unity, in zai fitar da wasa don wayoyin zamani, injin yakan juya C# ɗinsa zuwa C++ a ɓoye sannan ya miƙa wa Clang. Visual Studio kuwa, duk da kyawunsa wajen farautar kuskure da kuma kasancewar akwai na kyauta, ɓangaren C++ ɗinsa kaɗai jiga da yawa ne. A gefe guda akwai GCC ta Windows da aka ɗaure cikin ƙaramin ƙunshi mai suna w64devkit, wanda shi ma bai kai mega 100 ba, ka kwance shi a babban fayil ka fara aiki.

Abin da ke ba ni takaici shi ne har gobe ana samun wuraren koyarwa da ke ba yara Dev-C++ na 2005, wanda ke ɗauke da GCC 3.4.2, don kawai shi malamin ya koya da shi. Yaren C++ ya sauya sosai a 2011, ya ƙara sauyawa a 2014 da 2017 da 2020. Yaro ya ga misali a sabon darasi, ya kwafa harafi da harafi, tsohuwar kompilata ta zubo masa jan rubutu layi ashirin da turancin da ba ya ji, sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Alhali kayan aikin ne ya girme shi. Ga kuma manhajojin sata da ake yawo da su a kile, masu zuwa da ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayilolin mutum ta bar masa gajerun hanyoyi marasa komai. Rabin aikin da nake yi da safe wankin irin wannan ne. Babu dalilin satar kompilata a yau, tunda mafi kyawunsu kyauta ne.

Akwai wani abu kuma da mai darasi daga Turai ba zai taɓa ambata ba, don bai taɓa cin karo da shi ba: haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Tsohon tsarin haruffa na Windows ɗin faransanci ba shi da su. GCC da Clang suna karanta rubutu a tsarin UTF-8 tun asali, wanda ya ƙunshi haruffan duniya. Ta Microsoft takan bi tsarin kwamfutar da take kai sai in ka umarce ta da /utf-8. Wanda bai san wannan ba zai rubuta "Ka ci ɗa ɗaya" ya ga alamomin tambaya ko tarkace sun fito a fuska, daga nan sai ya haƙura ya mayar da wasansa faransanci. Bayan kompilata kuma sai an zaɓi zanen haruffa da ke da su, irin Noto Sans ko Andika, duka kyauta. Godot na 4, wanda ya fito a Maris 2023, ya zo da iya rubutu daga dama zuwa hagu da haɗa haruffan larabci yadda ya kamata. Ke nan ana iya yin wasa da ajami don almajirai, ana iya sa Tifinag, rubutun Buzaye, don ƴan uwanmu na Abalak da Cintabaraden in an samu zanen haruffan. Ni a wurina wannan ya fi inuwa da hasken da manyan injuna ke taƙama da su.

Wata ɗalibata ta yi wasan dara. Ta zauna gefen tsofaffin da ke bugawa a ƙofar gidansu, wani da tsinke wani da tsakuwa, ta rubuta dokokin a littafi: ramuka 30, layi 5 a 6, kowa da ƴaƴa 12, a zuba su tukuna ba tare da an jera uku ba, sannan a fara turawa, wanda ya jera uku ya cire ɗaya na abokin karawa. A kwamfuta komai ya tafi daidai. Ta fitar da fayil ɗin APK, wato wanda ake girkawa a wayar Android, ta tura wayar mahaifiyarta, ƙaramar waya mai araha irin wadda ta cika kasuwa, sai wayar ta ce ba a girka ba, ba tare da wani bayani ba. Ta zo da wayar a hannu. Muka buɗe wurin fitarwa, na nuna mata akwatuna biyu: ɗaya na ARM mai bit 64, ɗaya na mai bit 32. Na farkon kaɗai aka yi wa alama. Da yawa cikin ƙananan wayoyin nan a bit 32 suke tafiya. Ta danna na biyun, muka kuma sauya hanyar zanen hoto daga Vulkan zuwa OpenGL, wadda tsofaffin wayoyi suka fi ɗauka. Ta sake turawa. Allon dara ya fito, ta taɓa rami da yatsa, tsakuwa ta zauna. Kafin sati ya zagayo wasan ya bi Bluetooth da Xender ya shiga wayoyin unguwa, har wani dattijo ya aiko mata cewa a wurinsu ba a ƙirga jeri huɗu, ta gyara. Darasin kompilata da na kwashe watanni ina yi da alli, ranar ta fahimce shi.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, sun ma sha faɗa mini: kamfanonin waje Unity da Unreal suke tambaya in za su ɗauki ma'aikaci, in ka tsare yaro a kan Godot ka rufe masa ƙofa. Akwai gaskiya a ciki. Amsata ita ce abin da ake koya a wasan farko ba sunan inji ba ne. Ana koyon yadda wasa ke zagayawa sau 60 a daƙiƙa, yana karanta yatsa, yana lissafi, yana zane. Ana koyon ajiye maki, da gano inda kuskure ya ɓuya, da kai aiki ƙarshe. Wanda ya gama wasa biyu ko uku a ƙaramin inji, ranar da ya samu babbar kwamfuta zai kama Unity cikin ƴan makonni, balle ma Godot na karɓar C# ga mai so. Ga wanda kuma yake son ganin cikin abin sosai, ina ba shi C da GCC da raylib, ƙaramin ɗakin kayan aiki da Ramon Santamaria ya rubuta a 2013 don koyar da ɗalibansa a Sifen. Ba shi da maɓallan dannawa, komai da hannu ake rubutawa, kuma yana gudu a kwamfutar da kowa ya fid da rai da ita.

Batun iPhone ba na ɓata wa yara lokaci a kai. Sai da kwamfutar Mac da Xcode, manhajar aikin Apple, da dalar Amurka 99 duk shekara, kuma masu riƙe da ita a garin nan ƙalilan ne. Play Store dalar Amurka 25 ce sau ɗaya, wajen jika 15 ke nan, amma sai da katin banki mai aiki a waje, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji 12 na kwana 14 kafin a bar shi ya fito fili. Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, dalar Amurka 100 ce kowane wasa. Duk waɗannan na gaba ne. A fara da wayar da ke cikin gida.

Wani abu kuma: Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma yawancin tsofaffin kwamfutocinmu ba su cika sharaɗin hawa Windows 11 ba. Godot da GCC da Clang da raylib duk suna aiki a Linux ba tare da an rage musu komai ba. Wanda ya gina sana'arsa a kansu, in ya sauya tsarin kwamfutarsa aikinsa na biye da shi.

Roƙona, Malam Edita, ga waɗanda Allah ya ba intanet mai ƙarfi ne: Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, hukumar ANSI mai kula da fasahar sadarwar zamani, da cibiyar CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni. A ware kwamfuta ɗaya a kowane wuri a zuba mata waɗannan kaya: Godot da fayilolin fitarwarsa, Java da kayan Android, w64devkit, raylib, Krita da Blender don zane, Audacity don sauti, zanen haruffa masu ƙ da ɗ, da littattafan jagora da ake karantawa ba tare da intanet ba. Lasisin yawancinsu ya yarda a kwafa a raba, kuma kile mai jiga 16 zai ɗauke su. A riƙa sabunta su ko sau biyu ne a shekara, a bar duk ɗalibin da ya zo da kilensa ya kwafa ba tare da an tambaye shi takarda ba. Mu na jihohi kuma a riƙa ba direbobin motocin safa su kawo mana, mu raba wa Konni da Keita da Buza da Illela.

Ku ma a jarida, in da hali, ku buɗe ɗan gurbi a shafin kimiyya inda masu wannan aiki za su riƙa bayani da Hausa, mataki mataki, tare da faɗin nauyin kowane abu da mega da irin kwamfutar da ke ɗaukarsa. In kun buɗe, ni na ɗauki alkawarin rubuta darasin farko, a kan yadda ake fitar da wasa zuwa waya mai bit 32.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani malamin kwamfuta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar